Alamomin yaƙi a hotunan soja na farko a ƙasar Hausa

Alamomin yaƙi a hotunan soja na farko a ƙasar Hausa su ne abubuwan da suke yawan fitowa a hotunan da hafsoshin Birtaniya da na Faransa suka ɗauka a lokacin da suke cin ƙasar Hausa da maƙwabtanta da yaƙi, wato daga 1897 zuwa 1906, tare da ma'anar da aka ɗora wa kowannensu. Fitattu daga cikinsu su ne ganuwa da ƙofar gari, igwa da bindiga mai ruwa, tuta, sojan Afirka cikin kayan sarki, sarkin da aka kama ko aka naɗa, da kuma gawar shugaban da ya ƙi miƙa wuya.

Galibin waɗannan hotuna an ɗauke su ne kafin a gwabza, ko kuma bayan ƙura ta lafa. Mai kyamara yakan samu sukunin zaɓar inda zai tsaya, da wanda zai zauna, da wanda zai tsaya a baya, da abin da za a ajiye a gaba. Saboda haka masana tarihi suke ɗaukar su a matsayin saƙo da aka shirya, wanda yake shaida cewa yaƙi ya ƙare, mulki ya koma wani hannu. Da yawa daga cikin alamomin suna da tasu ma'ana a wurin Hausawa tun kafin zuwan Turawa. Shi ya sa hoto ɗaya yakan faɗi magana biyu, ɗaya ga mai kallo a Landan ko Faris, ɗaya ga mai kallo a Kano ko Sakkwato.

## Asalin hoton yaƙi

An gabatar wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839. Hotunan yaƙi mafi tsufa da aka sani an ɗauke su a 1847, lokacin yaƙin Amurka da Meziko. Wanda ya fara yin suna da wannan aiki shi ne Roger Fenton, ɗan Ingila, wanda ya je yaƙin Kirimiya a 1855 ya dawo da hotuna kimanin 360.

A zamanin Fenton ana ɗaukar hoto ne a kan faifan gilashi da aka shafa wa sinadari, kuma dole a ɗauka a wanke kafin sinadarin ya bushe. Wannan ya sa yake yawo da keken doki da ya mayar ɗakin wankin hoto. Ɗauka ɗaya takan ci daƙiƙu da dama, duk abin da ya motsa sai ya fito dishi-dishi. Dawakai a guje da mutane suna sara ba su ɗaukuwa. Abin da ya rage wa mai hoto shi ne hafsoshi a zaune, da tantuna, da manyan bindigogi, da filin da aka tashi daga yaƙi. Hoton Fenton da ya fi shahara na wani kwari ne da babu kowa a cikinsa sai harsasan igwa a warwatse. Ya ɗauki wurin sau biyu, a ɗaya harsasan suna kan hanya, a ɗaya kuma hanyar fayau take, abin da ya sa har yau ake muhawara a kan wanda ya jera su da dalilin jerawar.

Waɗanda suka biyo bayansa sun ƙara gaba. Felice Beato ya ɗauki hoton ginin Sikandar Bagh a birnin Lucknow na Indiya a 1858, watanni bayan an yi yaƙi a wurin, da ƙasusuwan mutane a farfajiya, kuma masana da yawa suna ganin jera su aka yi domin hoton. A yaƙin basasar Amurka, mai bincike William Frassanito ya nuna a 1975 cewa Alexander Gardner da mutanensa sun ɗauke gawar wani soja daga inda ya faɗi a Gettysburg a 1863, suka kai ta wani lungu na duwatsu, suka jingina bindiga kusa da ita. Ke nan tun daga farko, shirya abin da za a ɗauka yana cikin sana'ar hoton yaƙi.

## Zuwan kyamara tare da runduna

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 kayan aikin sun yi sauƙi. An samu busasshen faifai wanda ake iya ajiyewa a wanke daga baya, sannan George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a 1888, aka kuma samu ƙaramar Brownie mai araha a 1900. Hafsa yana iya saka kyamara cikin kayansa ba tare da ya koyi sana'ar ba. A waɗannan shekaru ne kuma jaridu masu hotuna, irin su *Illustrated London News* da *The Graphic* a Landan da *L'Illustration* a Faris, suka fara buga hoto kai tsaye, bayan a da sai mai zane ya kwaikwaye shi.

Ko da yake sabuwar kyamara ta fi sauri, hafsan da yake riƙe da ita yana da aikin ba da umarni idan an fara harbi, don haka tsarin bai canja sosai ba. Hotunan sukan ƙare a kundin hoto na hafsa, ko a littafin da ya rubuta bayan ya koma gida, ko a katin gaisuwa na gidan waya, ko a lacca inda ake haska su a bango da fitila. Daga sunan wannan fitila a Ingilishi Hausa ta samu kalmar *majigi*, kamar yadda ta aro *hoto*, *soja*, *bariki* da *fareti* a zamanin.

## Yaƙin a taƙaice

Kamfanin Royal Niger, ƙarƙashin George Goldie, ya ci Bida da Ilori a farkon 1897. Ranar 1 ga Janairu 1900 Frederick Lugard, wanda Hausawa suke kira Gwamna Lugga, ya ayyana Arewacin Najeriya ƙarƙashin Birtaniya a Lakwaja. Aka ci Kwantagora da Yola a 1901, Bauchi a 1902, aka kuma girke sojoji a Zariya. A Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya tafi Kano, inda Sarki Aliyu Babba, wato Alu, ya karɓe shi. Lugard ya riƙe wannan a matsayin hujjar kai wa Kano yaƙi.

Kanar Thomas Morland ya tashi daga Zariya a ƙarshen Janairu 1903 da sojojin Afirka sama da 700, da hafsoshi Turawa, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Garin da ya fara rufe musu ƙofa shi ne Bebeji, a kudancin Kano, maƙwabcin ƙasar Rano. Ranar 1 ga Fabrairu aka harba igwa a ƙofar garin, ta fashe, shugaban garin yana cikin waɗanda suka rasu a bayanta. Ranar 3 ga Fabrairu rundunar ta shiga Kano ta Ƙofar Kabuga. Sarki Alu yana Sakkwato a lokacin, Sarkin Shanu ne ya tsaya da 'yan mutanensa a gidan sarki har aka kashe shi. A ƙarshen Fabrairu Waziri Ahmadu ya rasu a yaƙin Kwatarkwashi. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na I ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi, a jihar Gombe ta yau, ranar 27 ga Yuli 1903. A 1906 aka murƙushe Satiru da Haɗeja.

A ɓangaren Faransa, rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899, aka ci Zinder a wannan shekara, sannan aka kashe Rabeh a Kusuri, kusa da tafkin Chadi, ranar 22 ga Afrilu 1900.

## Manyan alamomi

### Ganuwa da ƙofa

A ƙasar Hausa ganuwa ita ce take bambanta birni da ƙauye. Kowace ƙofa tana da sunanta da sarkin ƙofa, ana rufe ta da dare, a nan ake tare baƙo, ta nan runduna take fita. A kudancin Kano, inda Rano take ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, hare-haren Ningawa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 sun sa an ƙara ƙarfafa garuruwa. Ga talakawan ƙasar Rano da Kibiya, har da ƙauyuka irin su Zurgu, gari mai ganuwa da kan duwatsu su ne mafaka idan aka hango ƙurar mahara. An gina ganuwa ne domin ta tare doki da mashi da kibiya, kuma ta daɗe tana yin wannan aiki. Abin da ya faru a Bebeji ya nuna cewa igwa tana iya buɗe ƙofa cikin ɗan lokaci, kuma bayan labarin ya bazu sauran garuruwan da suke kan hanyar Kano ba su tsaya yaƙi ba.

Ganuwar Kano ta ba Turawa mamaki. A rahotonsa Lugard ya ƙiyasta kewayenta mil 11, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta daga tushe ƙafa 40, da ƙofofi 13, ya kuma ce bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Hotunan ganuwa da ƙofofin Kano suna cikin waɗanda aka fi bugawa game da ƙasar. Sau da yawa akan tsayar da mutum ko doki a gindin bango don mai kallo ya auna tsayinsa. Irin wannan hoto yana aiki biyu. Yana nuna cewa abokin gaba babba ne mai birni da tsarin mulki, wanda hakan yake ƙara wa nasarar daraja. Yana kuma nuna cewa mai kyamara yanzu yana tsaye lafiya a inda jiya kibiya za ta same shi. Ga Bakano kuwa, baƙon da ya tsaya da makami a bakin ƙofa ba tare da izinin sarkin ƙofa ba, ya riga ya faɗi duk abin da ake bukatar sani game da halin da birni yake ciki.

### Igwa da bindiga mai ruwa

Hiram Maxim ya ƙirƙiro bindigarsa a 1884. Tana iya harba harsasai ɗaruruwa a minti ɗaya, ana sanyaya bututunta da ruwa, daga nan Hausawa suka sa mata suna bindiga mai ruwa. Rundunar Turawa takan yi sahu mai kusurwa huɗu, a ajiye bindigar a kusurwa, mahaya su faɗi tun kafin su iso da mashi.

A hotunan rukuni, bindigar takan kasance a tsakiya ko a sahun gaba, a wurin da a hoton iyali ake zaunar da babba. Sojoji sukan durƙusa a gefenta kamar za su yi harbi, alhali babu abokin gaba a wurin. Akan kuma ɗauki makaman da aka ƙwace, wato takobi, mashi, baka da kwari, garkuwa, sulke, lifidi da kwalkwali, an tara su a ƙasa ko an rataye a bango. Idan aka haɗa hotunan biyu a shafi ɗaya, mai karatu a Turai yakan fahimci cewa sabon zamani ne ya ci tsohon zamani. Marubutan Turawa sun sha kwatanta mahayan lifidi da baraden Turai na ƙarnonin baya, kwatancen da yake yabo a fuska amma yake ajiye mutanen a zamanin da ya wuce. Wannan ya ɓoye gaskiyar cewa sarakunan ƙasar sun san bindiga, suna da 'yan bindiga a rundunarsu, kuma yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890 ta taƙaita sayar wa Afirka bindigogin zamani.

### Tuta

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba jagororin jihadi tutoci, kuma daga masu tuta ne masarautun daular Sakkwato suka samo halaccinsu. Turawa ma da tuta suke shaida mallakar ƙasa. A bikin Lakwaja na 1900 an sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Birtaniya a gaban sojoji da suka yi fareti. Don haka a kan tuta ɓangarorin biyu sun fahimci juna sarai.

A Giginya, bayan yawancin runduna ta watse, wasu mutane sun tsaya a gindin tutar Sarkin Musulmi har aka kashe su. Tutar ta shiga hannun Turawa, ta kuɓuce musu, ta sake bayyana a Burmi inda aka sake ƙwace ta, aka kai ta Ingila. An mayar da ita Sakkwato a 1960. A hoton ganima, tutar da aka ƙwace akan shimfiɗa ta ne ko sojoji su riƙe gefunanta, a yayin da tutar mai nasara take sama a kan sanda. Bambancin sama da ƙasa shi ne dukkan saƙon.

### Soja da hafsa

Waɗanda suka yi harbi a Kano da Sakkwato 'yan Afirka ne. Tun 1863 John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna a Legas da aka riƙa kira Hausawan Glover. Sojojin da ake kira Hausa sun yi yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, wasu kuma sun je Landan bikin cikar Sarauniya Victoria shekara 60 a kan mulki a 1897. Rundunar da Lugard ya kafa daga 1897 ta ɗauki Hausawa da Yarabawa da Nufawa da wasu ƙabilu, da yawansu bayi ne da suka gudu ko aka 'yanta, kuma Hausa ta zama harshen bariki. Saboda haka a ƙarƙashin hoto kalmar Hausa sau da yawa tana nufin sojan da yake jin Hausa ne kawai.

Tsarin hoton rukuni kusan ɗaya ne a ko'ina. Hafsa Bature yana zaune a kujera a tsakiya, da hular rana da takalmi. Sojoji suna tsaye a baya ko a zaune a ƙasa, da jar dara, galibi ba takalmi. A ƙarƙashin hoto akan rubuta sunan hafsa da muƙaminsa, sojojin kuwa a kira su da jimla. A fadar Hausa sarki ne yake zaune a sama, fadawa a ƙasa, dogarai a tsaye, don haka Bahaushen da ya ga hoton ba ya bukatar a yi masa bayanin wanda yake da iko.

### Sarkin da aka kama da sarkin da aka naɗa

Hoton sarki a hannun masu gadi ya zama ruwan dare a Afirka ta Yamma. Jonathan Adagogo Green, mai hoto ɗan ƙasar Bonny, ya ɗauki Oba Ovonramwen na Benin a cikin jirgin ruwan da ya kai shi gudun hijira a 1897. Hafsan Faransa Henri Gaden ya ɗauki Samori Ture bayan an kama shi a 1898, hotunan suka yaɗu a katin gidan waya, daga baya kuma Gaden ya yi aiki a Zinder. A Arewacin Najeriya, Lakwaja ta zama wurin ajiye sarakunan da aka tuɓe. A can Sarki Alu ya zauna har ya rasu a 1926.

A al'adar fada ba kowa yake ganin fuskar sarki ba. Amawali yana rufe bakinsa, dogarai suna kāre shi da manyan riguna idan zai hau ko zai sauka daga doki, kuma ba a ƙura masa ido. Tsayar da sarki a gaban kyamara, a buga fuskarsa a takarda kowa ya riƙe, ya saɓa wa wannan ladabi, ko da an bar masa rawaninsa da alkyabbarsa.

Kishiyar wannan hoto shi ne na naɗi. Lugard ya tabbatar da Attahiru na II a Sakkwato ranar 21 ga Maris 1903, ya kuma naɗa Wambai Abbas Sarkin Kano a farkon Afrilu. Sarakunan da aka naɗa sukan karɓi takardar naɗi da sandar girma daga hannun gwamna. A hoto akan ga sarki da cikakkiyar shigarsa da fadawansa, Bature yana gefensa, sojoji sun yi sahu. Saƙon shi ne sarauta tana nan yadda take, amma yanzu daga wani wuri ake ba da ita. Wannan shi ne hoton mulkin da aka sani da mulki ta hannun sarakuna.

### Gawar shugaba

Alama mafi muni ita ce gawa. Bayan yaƙin Omdurman a Sudan a 1898, kundin hotunan Francis Gregson ya nuna gawawwakin mabiya Mahadi da ƙubbar kabarin Mahadi da igwa ta fasa. A Nuwamba 1899 an ɗauki hoton gawar Halifa Abdullahi a inda aka kashe shi. A Kusuri an sare kan Rabeh, aka ɗauki hoton wani sojan Afirka na rundunar Faransa yana riƙe da shi a kan sanda, hoton ya yaɗu a Faransa.

A Burmi an yi yaƙi sau biyu. A watan Mayu 1903 mutanen garin sun kori rundunar Turawa. A yaƙi na biyu kwamandan Turawa, Manjo Marsh, ya mutu da harbin kibiya, Sarkin Musulmi Attahiru kuma ya rasu tare da mutanensa sama da 600. Masana tarihi, ciki har da Toyin Falola, sun kawo cewa an sare kan Attahiru, aka ɗauki hoto, aka riƙa nuna shi a sassan Arewa.

Wannan hoto ya bambanta da sauran, domin mutanen ƙasa aka nufa da shi. Tun da Attahiru ya bar Sakkwato, talakawa da malamai da masu sarauta suke barin gonaki da garuruwa suna bin sa, da niyyar hijira zuwa gabas, a lokacin da ake ta maganar bayyanar Mahadi. Muddin ana jin yana raye, tafiyar ba za ta tsaya ba. An yi hoton ne domin ya rufe bakin masu cewa ya tsira.

Amma alamar ta samu wata fassara. A shari'ar Musulunci an hana wulaƙanta gawa ko da ta abokin gaba ce, kuma wanda ya mutu a fagen fama yana kāre addini shahidi ne. Abin da aka nuna don ya zama shaidar kaye, jama'a sun riƙe shi shaidar shahada. Ana ganin wannan a laƙabin da aka ba Waziri Ahmadu na Kano da Sarkin Haɗeja Muhammadu wanda aka kashe a 1906, dukkansu ana kiran su Mai Shahada. Hijirar ma ba ta tsaya ba. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har yau.

## Abin da hotunan suka bari a waje

A Landan ba kowa ne ya goyi bayan yaƙin Kano ba. Ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka ya nuna damuwa, an kuma yi tambayoyi a majalisa. Hujjar da Lugard ya fi kafawa ita ce hana farautar bayi, ya kuma yi dogon bayani a rahotonsa a kan munin kurkukun Kano. Hotunan da suka dace da wannan hujja, na tsari da fareti da bayin da aka 'yanta, su aka fi so a buga.

'Yan dako da suka ɗauki igwa da harsasai da abinci a ka, waɗanda yawansu yakan kai na sojoji ko ya fi, ba safai suke zama abin da aka nufa da hoto ba. Haka ma matan da suka bi runduna, da rumbunan da aka kwashe, da ƙauyukan da aka ƙone. Kyamara tana bin hanyar runduna ne, ta tsaya a manyan birane. Labarin ɓarnar Birnin Ƙonni ya fito ne daga rubutun Kanar Klobb, wanda aka aika ya tsayar da Voulet, da kuma bakin mutanen ƙasar. A Satiru an kashe mutane kimanin 2,000 a Maris 1906, aka rushe garin. Frank Crozier, wanda ya halarci yaƙin Sakkwato yana ƙaramin hafsa, ya ba da labarin abin da aka yi wa gawawwaki bayan yaƙi a littafin da ya buga a 1932.

Waɗanda aka ci da yaƙi ba su da kyamara, amma sun bar nasu bayani a rubuce. Akwai waƙar zuwan Annasara da ake danganta wa Sarkin Musulmi Attahiru, da *Waƙar Nasara* ta Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano ya zauna a Salaga da Kete-Krachi, da kuma wasiƙar da Waziri Buhari ya rubuta yana bayyana dalilin da ya sa ya zauna ya yi sulhu. Masu bincike sukan karanta waɗannan tare da hotunan domin a ji ɓangare biyu.

## Daga fagen fama zuwa hawan daba

Hawan Sallah ya girmi zuwan Turawa. Abin da mulkin mallaka ya kawo shi ne tara sarakuna da dawakansu a fili ɗaya domin gwamna ko baƙo daga Ingila, tsarin da aka kwaikwayo daga Indiya. An yi irin wannan hawa a Zariya a 1911, a Kano a 1913, sannan a 1925 domin Yariman Wales, da kuma Kaduna a 1956 domin Sarauniya Elizabeth ta II. Sulke da lifidi da kwalkwali, waɗanda a 1903 kayan yaƙi ne, sun dawo gaban kyamara a matsayin kayan ado. Jafi, inda mahaya suke sukuwa su ja linzami a gaban sarki su ɗaga hannu, ya zama abin da masu hoto suka fi nema. Masanin al'adu Andrew Apter ya yi nazarin yadda wannan biki ya mayar da rundunar da aka ci da yaƙi abin kallo, da kuma yadda sarakuna suka yi amfani da shi wajen nuna ƙarfinsu ga jama'arsu.

## Inda hotunan suke da yadda ake amfani da su

Yawancin hotunan asali suna Turai, a ɗakin karatu na Bodleian da ke Oxford inda takardun Lugard suke, da ɗakin karatun Jami'ar Cambridge, da gidan tarihin soja na Landan, da ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew, wadda ta saka dubban hotunan Afirka a intanet a 2011. A Najeriya ana samun hotuna da takardun zamanin a Gidan Makama da ke Kano, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

A yau hotunan suna yawo a Facebook da WhatsApp, wani lokaci da suna ko shekarar da ba tasu ba, har akan jingina hoton Sudan ko na Chadi ga Kano ko Burmi. Masu nazari sukan duba wanda ya ɗauki hoto, da inda aka fara buga shi, da rubutun da yake ƙarƙashinsa tun asali, da wanda aka nufa ya gani. Hotunan ganuwa da ƙofofi sun samu wani amfani na dabam, domin da yawa daga cikin ganuwar Kano ta zube ko an yi gini a kanta, an kuma sāke fasalin wasu ƙofofi. Masu aikin adana kayan tarihi suna komawa ga hotunan farkon ƙarni na 20 don su ga yadda ginin yake a lokacin da Morland ya iso.

## Duba kuma

- Ganuwar Kano
- Yaƙin Burmi
- Muhammadu Attahiru na I
- Aliyu Babba
- Hawan daba